Injin yankan itace: wanne zan saya, yaya zan riƙe shi?

Sani Batagarawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Iskar daren Talata ta karya reshen bedin ƙofar gidanmu ya kwanta kan katanga, ita kuma bishiyar ta karkata wajen wayar wuta. A gona ma ina da bishiyoyin turare da na shuka a kan iyaka, sun isa yanka. Kuɗin da masu inji ke nema ya sa na ce gara in sayi nawa. Wanne za ku ba ni shawara? Ban taɓa riƙe shi ba, sai dai gani daga nesa.

Alhaji Lawal: Wa'alaikumus salam. Babu wanda ya ji rauni dai ko?

Sani Batagarawa: Babu, Alhaji. Akuya ce kawai ta tsorata ta tsinke igiya.

Kabiru Mai Inji: Malam Sani, maganar taka biyu ce. Bedin da ya jingina da katanga, ga waya a sama, ba a kansa ake koyo ba. Reshen da ya karye ya kwanta yana ɗauke da nauyi a ɓoye: ka yanke shi ta inda bai dace ba, ko ya matse maka sarƙa, ko ya zabura ya doke ka. Wannan ka bar mini. Turaren gona kuwa, madaidaicin inji ya ishe ka, mai cc 45 zuwa 50, ƙarfen sarƙarsa inci 16 ko 18. Kamar Stihl MS 250, ko na Husqvarna mai wannan girma. Kada wani ya ruɗe ka da Stihl 070 ɗin da kake gani wurin masu tsaga katako. Cc 105 gare shi, ya haura kilo 10 tun ba a sa masa ƙarfe da sarƙa ba, kuma irin na da ɗin ba shi da birkin sarƙa. Ni kaina na daina tayar da shi sai dole.

Nura Ɗan Mashi: Oga Kabiru, ka faɗi na masu kuɗi. Ni ɗan Cana nake da shi, samfurin 5200, damina uku ke nan yana ci mini kara da icce. Kuma kayan gyaransa ko'ina akwai.

Kabiru Mai Inji: Ban raina shi ba, Nura. In aikin sau biyar ne a shekara, ya isa. Ya dai gwada birkin a gaban mai shago: a tayar, a ba shi wuta, a tura garkuwar birkin da ke gaban mariƙi da bayan hannu. In sarƙar ba ta tsaya cak ba, ya ajiye musu kayansu.

Iliya Bakanike: Gara ɗan Cana da ya amsa sunansa da jabu mai sunan Bature. Bara wani abokina ya kawo mini nasa, fenti sak, suna sak, kuɗin na asali ya biya. Da na kwance shi, ciki duk ƙarfen banza. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. Ka tafi da wanda ya san inji, kuma ka karɓi takardar da ke cikin kwalin.

Amma ni abin da ke kawo mini injuna a buge ba iri ba ne, haɗin mai ne. Injin nan ba shi da wurin baƙin mai kamar mota, man da ke cikin fetur shi ne rayuwarsa. Stihl da Husqvarna 50 da 1 suke so: mil (mililita) 100 na man 2T, man da ake haɗawa da fetur, a lita 5 ta fetur, wato mil 20 a kowace lita. 'Yan Cana da yawa 25 da 1 aka rubuta musu, mil 40 a lita ke nan. Ka bi abin da takardarka ta ce. Sirinji ka saya a kemis ka riƙa aunawa, ba murfin gora ba, ba "na ƙiyasta" ba. A jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tanki ba.

Nura Ɗan Mashi: Ni fa baƙin man babur nake zubawa, ban ga komai ba.

Iliya Bakanike: Za ka gani, ƙanena. Kwance salansarka ka leƙa. Makon jiya na buɗe wani da aka yi wa haka: filogi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ringi ya liƙe, jikin fistin ɗin duk zane-zane kamar kaza ta yi tono. Man da aka yi don injin da ke da wurin mai daban ba ya ƙonewa tas. Na biyu, fetur ɗin 'yan bumburutu da ba ka san kwanansa a galan ba, ka guje shi. Kai ma in ka haɗa, kada ya wuce wata guda. In za ka ajiye injin har wata da watanni, juye tankin ka tayar da shi ya shanye sauran har ya mutu da kansa, in ba haka ba kafireta ta toshe.

Alhaji Lawal: Tun da aka cire tallafi a 2023 wa ke da fetur ɗin da zai kwana wata a jarka, Iliya?

Iliya Bakanike: Ranka ya daɗe, an yi haka.

Kabiru Mai Inji: Tanki biyu ne fa, Malam Sani. Ɗaya na fetur, ɗaya na man sarƙa, kuma tare ake cika su. Kafin ka fara yanka, nuna bakin ƙarfen ga wani kututture ka ba shi wuta, za ka ga layin mai ya fesu. In babu, tsaya. Kada ka zuba man juye na mota, akwai garin ƙarfe a ciki, yana cin famfon.

Sai wasawa, wadda ita ce rabin sana'ar. A ƙasar nan tamu yashi ne abokin gaba. Ɓawon bedi da gawo cike yake da ƙura, gindin bishiya kuma gara ta yi masa yaɓe da ƙasa. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ta dakushe. Na cikin gari kuma har da ƙusa, ta masu rataya allo da igiyar shanya. Ka kankare wurin da gatari tukuna. Alamar kaifi a bayyane take: sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa manya-manya, ita ke jan kanta cikin iccen. In ka ga gari kamar dusa, kana dannawa da ƙarfi, hayaƙi na tashi, ta mutu. Magagari mai zagaye ake sa mata, daidai da girman haƙorinta: milimita 4 ga ƙanana, 4.8 ga matsakaita, 5.2 ko 5.5 ga manya. A karkace digiri 30, turawa gaba kawai, kowane haƙori adadi ɗaya. Ni duk cika tanki sai na ɗan shafa mata.

Malam Hamisu: Kabiru, gaya masa labarin goshinka.

Kabiru Mai Inji: Kai dai ba ka mantuwa. Ina yaron inji lokacin, muna datsa kirya da aka kayar a wata gona wajen Mani. La'asar ta yi, na gaji, sarƙa ta dakushe, na ce bari in ƙarasa wannan ɗaya. Ban lura da wani reshe a bayan gungumen ba. Saman bakin ƙarfen ya taɓa shi, kafin in ƙifta ido injin ya yi tsalle ya nufo fuskata. Birki ya kama, amma ƙarfen ya same ni a saman gira, ɗinki bakwai. Da tsohon 070 ne a hannuna da ba ni ke rubutun nan ba. Shi ya sa: kada ka yi yanka da saman bakin ƙarfe, hannu biyu kullum, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi ta ƙasa, jikinka kuma ya ɗan kauce wa layin ƙarfen. Ba yanka sama da kafaɗa, ba hawa tsani da shi. Tayarwa kuma a ƙasa, birki a kame, ƙafar dama cikin mariƙin baya, taku uku ko huɗu daga inda ka zuba mai. Wannan jefa inji ƙasa ana fizgar igiya da yara ke yi don burgewa, ni na kori yaro a kansa.

Hajiya Binta: Ni a asibiti nake ganin ƙarshen labarin. Yawanci ƙafa ce da hannun hagu, kuma raunin ba yankan wuƙa ba ne, yagewa yake yi. Ku bar silifas da jallabiya da doguwar riga mai reto. Takalmi mai tauri, wando mai kauri, safar hannu, tabarau, abin toshe kunne, da hular kwano in kayarwa za a yi. Akwai wandon da aka yi musamman, zarensa ke cusa kansa ya tsayar da sarƙa, in ka samu ka saya. In tsautsayi ya faɗa, a danne wurin da tsumma mai tsabta a nufo asibiti, a yi allurar tetanus. Don Allah ban da zuba fetur, man birki ko ƙasa. Kuma kada ka je gona kai kaɗai.

Malam Hamisu: Yara kuma a kore su nesa, tsawon bishiyar sau biyu da rabi. Ƙarar inji na tara su kamar an buga gangi. Ɗaya kuma, tunda na yi aikin gandun daji kafin ritaya: ko a gonarka bishiya take, ka leƙa wurin malamin daji na ƙaramar hukumarku kafin ka kayar. Turaren nan in ka yanke shi da kyau ka bar kututture, zai sake tohowa. Kada ka share layin gaba ɗaya, shi ke tare maka iska. Gawo da ɗorawa kuwa ka ƙyale su.

Iliya Bakanike: Na manta matatar iska. Da hunturu kullum a buɗe a kakkaɓe. Ƙarfen sarƙa a riƙa juya shi sama ya koma ƙasa don ya ci daidai. An tashi aiki a sassauta sarƙar, don in ta huce takurewa take yi.

Sani Batagarawa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fasa taɓa bedin. Oga Kabiru, yaushe za ka samu zuwa?

Kabiru Mai Inji: Asabar bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. Amma ka je ofishin 'yan wuta tun gobe su yanke layin, in da wuta a wayar ba na ko sauke inji daga babur. Ka nemo igiya mai kauri da majiya ƙarfi uku. In mun gama mu wuce gonar, in sa maka hannu a turare ɗaya ka gani kafin ka kai kuɗinka kasuwa.

Nura Ɗan Mashi: Zan zo da nawa Iliya ya leƙa mini salansar.

Iliya Bakanike: Ka taho da kuɗin ringi.