Wace kalma za mu ba "undetectable"?

1/ Jama'a, kalma nake nema. A Ingila, idan mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ya dage da shan magani, likita kan duba sakamakon jininsa ya ce ya zama "undetectable". 'Yan'uwanmu 'yan Nijar da ke Faransa kuma "indétectable" suke ji. Mu fa, me za mu ce?

2/ Abin da ake nufi: magani ya rage ƙwayar har na'urar gwaji ba ta iya ƙirga ta. Wanda ƙwayarsa ta zauna ƙasa da 200 a mililita ɗaya ta jini ba ya sa wa iyalinsa ta hanyar kwanciya. Binciken PARTNER da aka yi a Turai, wanda sakamakonsa ya fito a 2016 da 2019, bai samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga irin wannan abokin zama ba.

3/ Na taɓa yi wa wata baiwar Allah tafinta a asibiti, na ce mata "yanzu ba a ganinta". Fuskarta ta washe, ta ce alhamdulillahi, ta warke ke nan, za ta ajiye magani. Gabana ya faɗi. Bakina ne ya kusa cutar da ita, domin da ta daina sha, cikin makonni ƙwayar za ta sake tasowa. Tun ranar nake juya maganar.

4/ "Ta ɓuya" ba ta yi ba. Mai ɓuya kwanton ɓauna yake yi, mijin da ya ji haka tsoro zai ƙaru masa. "Ta lafa" ta fi daɗin ji, amma kamar da kanta ta lafa, irin ta zazzaɓi.

5/ Ni dai na tsaya kan "dannanniya". Abin da aka danne yana nan, akwai mai danne shi, in an ɗaga hannu zai miƙe. Sai mu ce: dannanniya ba ta yaɗuwa tsakanin ma'aurata. Shayarwa kuwa hukuncinta daban, a tambayi likita.

6/ Mutanenmu da yawa suna gudun gwaji saboda tsangwama da tsoron takardu, alhali tun 2012 maganin kyauta ne a Ingila, ko kana da takardun zama ko babu.

7/ Mutanen Damagaram da na zangon Kumasi, "dannanniya" ta zauna a kunnenku?