Zeeman da gwajin gishiri a tsakanin maganaɗisu

Ɗalibin Akoka: Salamu alaikum malamai. Me Pieter Zeeman ya gano har ya ci Nobel? Kuma gwajin nasa zai yiwu da kayan ɗakin gwajin makaranta a nan Legas?

Malamin Yaba: Wa alaikumus salam ƙanena. Mutumin Holan ne. A 1896 a Leiden ya sa gishiri a harshen wuta tsakanin bakuna biyu na maganaɗisun lantarki, ya ga layukan hasken sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, sun yi faɗi a na'urar rarraba haske da zarar an kunna. Masanin Ingila Michael Faraday ya nemi wannan a 1862, kayansa suka gaza. Hendrik Lorentz, shi ma masanin Holan, shi ne ya yi bayanin dalili, shi ya sa suka raba Nobel ta 1902. Daga baya ya zama farfesa a Amsterdam, ya kuma karɓi lambar yabon kimiyya ta Rumford a 1922.

Injiniya Agege: Zai yiwu, amma ba da gishiri ba. Layukan sodiyam biyu, 589.0 da 589.6, tazararsu nanomita 0.6 ce, rabuwar da maganaɗisu mai ƙarfin tesla ɗaya ke kawowa a kowane layi kuwa ba ta wuce wajen 0.02 ba. Ƙaramar na'urar rarraba haske ba za ta gani ba ko kusa. Nemi fitilar kadmiyam, jan layinta na 643.8, da madubin Fabry-Perot, wanda ke nuna hasken a matsayin zobba. Kowane zobe zai rabu uku in ka duba ta gefe, biyu in ka leƙa ta ramin bakin maganaɗisun.

Malamin Yaba: Ka kula da nadin wayar maganaɗisun. Yana ɗaukar zafi, lantarkin ya ragu, zobban su matso. Kunna, auna, kashe. In janareto ne, sa sitabilaiza.