In harshe bai zo ɗaya ba, ya kuke yi?

Malamin firamare, Kware: Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo mana ɗan bautar ƙasa daga sansanin Wamakko, ɗan Kalaba ne, ba ya jin ko zo in kashe ka. Yara ko ba Turanci. Ku masu hulɗa da baƙi, ya kuke yi?

Ɗan kasuwar Illela: Wa alaikumus salam Malam. Mu nan ran Lahadi ga Zabarmawa, ga Buzaye, ga mutanen Ƙonni. Gaisuwa ba ta ba mu wuya, lissafi ne masifa. Mutumin Nijar da dala yake ƙirge, dala guda sefa 5, dala ashirin sefa 100 ke nan. Jikkarsa sefa 1,000, tamu jakar naira 200. Ko Hausa kuke yi sai a tashi baram-baram. Ni kalkuleta nake miƙa mishi ya danna da hannunshi, in ɗago takardar kuɗin, naira ko sefa, kafin a sallama.

Ma'aikaciyar jinya: Abin da nake tsoro shi ne "to". Bafillatana za ta taso daga ruga, ka yi ta bayani tana gyaɗa kai, alhali kunya ce kawai. In mijinta ko ɗanta ne tafinta ma ya fi muni, ciwon mata ba za ta faɗa gabansu ba ko za ta mutu. Sai in fitar da su, in nemo dattijuwa mai jin Fillanci cikin masu jinya. Magani kuwa ban cewa sau uku a rana. Da salla nake ɗaura shi: Asuba, Azahar, Isha'i. Sannan in zuba mata ƙwayoyin a tafi, ta ware min na kowane lokaci in gani da idona. Da yawa nan asiri yake tonuwa, sai mu sake daga farko.

Mai albasa, Goronyo: Abokin cinikina na Anacha, buroka muke ɓarzawa a WhatsApp. Amma yawan buhu da farashi dole a rubuta da lamba, da hoton motar.

Wata Hajiya: Malam, dabarar 'yar uwata mai jinya za ka ɗauka. Ɗan bautar ƙasar ya nuna, yara su maimaita, kai ka tsaya gefe makon farko. Da yamma ka kai shi teburin mai shayi, su za su koya mishi sauran Hausar, har da wadda ba ka so.