Kuɗin gidaje masu sauƙi da jihohi ke warewa, wa yake cin moriyarsu?

Abu_Hanifa22:
Salam 'yan uwa, don Allah ina da tambaya. Kusan duk shekara sai kaji gwamnatin jiha ta ware kuɗi a bajet domin gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, a gina a yanka ribon, amma in ka leƙa waɗanda suka shiga ba su bane, mai ƙaramin albashi yana nan yana fama da mai gidan haya. Kuɗin ne basa isa ko tsarin ne da gyara?

Injiniya_MK:
Wslm. Tsarin ne malam. In gwamnati ta gina ta sayar da rahusa, tallafin ya ƙare a hannun mutum ɗaya, gobe ya sayar a farashin kasuwa ko ya zuba 'yan haya, shikenan. Ga kuma kai gidajen can bayan gari saboda fili yafi arha, ba ruwa ba kwalta ba makaranta, abinda ka rage a haya kuɗin mota ya cinye, shi yasa zakaga an gama gini fenti na ta ɓarewa ciyawa ta cika tsakar gida ba kowa.

Maman_Ilham:
Gaskiyarka Injiniya. Ku duba Vienna a Ostiriya, birni ce kuma jiha ce, tun 1923 suka sa harajin gina gidaje, kuma basu sayar ba, haya suke bayarwa. Yanzu gwamnatin birnin na da gidaje wajen 220,000, wani rukunin ma Karl-Marx-Hof da aka buɗe a 1930 tsawonsa ya wuce kilomita ɗaya har yau mutane na ciki. Wlh abinda ke min ciwo kenan, gidan haya na gwamnati iyali goma zasu iya morarsa ɗaya bayan ɗaya.

Dan_Lissafi:
Hajiya ba kowace jiha ke da aljihun Vienna ba fa, ga albashi ga asibiti, kuma gidan haya sai da gyara kullum. A Amurka tun 1986 dabara suka yi, gwamnatin tarayya na rage wa masu zuba jari haraji, hukumar gidaje ta jiha ce ke zaɓen wanda zai samu, da sharaɗin a ƙayyade haya ga masu ƙaramin samu, yawanci shekara 30.

Maman_Ilham:
To bayan shekara 30 ɗin fa? Jamus ma haka take, tun 2006 aka miƙa wa jihohi harkar, wa'adi na cika gidan ya koma farashin kasuwa, gidajen tallafin sai raguwa suke.

Abu_Hanifa22:
Na gode sosai, na ƙaru. Injiniya in jiha bata da kuɗin gini sosai amma tana da fili a cikin gari, zata iya bada shi haya na dogon zango ga mai gini da sharaɗi maimakon ta sayar?