Neman shawara: guruf ɗin malamanmu ya koma na gaisuwar Juma'a

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, dan Allah shawara nake nema. Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare ta gwamnati, aji ɗaya da biyu nake ɗauka. Bara bayan wata bita ta kwana uku muka ga bai kamata mu watse haka nan ba, sai na buɗe mana guruf a WhatsApp dan mu riƙa taimakon juna kan lesin not da duk tofik ɗin da yake ba mutum wuya. Satin farko wlh gwanin sha'awa, har wani ya turo yadda yake koyar da lambobin ƙasa da sifili da misalin bashin mai shago, na gwada a aji yara suka gane nan take. To sai kowa ya fara jawo abokinsa, yanzu mun haura ɗari biyu har da firinsifal-firinsifal da wani jami'i daga ofishin shiyya, kuma ba abinda ake turowa sai barka da Juma'a da katin biki da "an ga alat kuwa?" da linkin ɗaukar aiki na bogi. Sati biyu da suka wuce na ɗauki hoton littafin wata yarinya ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, kusan rabin ajin haka suka yi, na tambaya ya zan ɓullo wa abin. Sama da mutum tamanin suka gani, ba wanda yace uffan sai sitika guda ɗaya. Abin ya min ciwo sosai. In rufe ne ko akwai gyara?

Malamar firamare, Dutse:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka rufe, amma ka sani ba rashin sani ne ya hana su magana ba, kunya ce da tsoro. Wa zai fito gaban firinsifal ɗinsa da jami'in shiyya yace shima bai iya koyar da firakshin ba? Gobe a ɗauke shi a matsayin wanda bai san aikinsa ba. Ka bar wancan babban ya zama na zumunci da sanarwa, ka ware mutum goma zuwa sha biyar masu ɗaukar aji ɗaya da kai ku buɗe ƙarami, banda shugabanni. Mu lokacin shirin horar da malamai na TDP a Jigawa bidiyon darussa ake sa mana a memori, kowa da shi a waya, amma gaskiya abinda yafi amfanar dani zaman da muke yi mu kaɗan muna kallo tare kowa na faɗin inda ya gwada ya ƙi.

Mataimakin firinsifal, Zariya:
Malama kin yi gaskiya kan kunya amma ban yarda a ware shugabanni gaba ɗaya ba. Ranar da Malam zai so a bashi awa ɗaya ya je makarantar maƙwabta ya kalli darasin wani, wa zai sa masa hannu? Ku sanar da su abinda kuke yi, ƙarshen zango ku tura musu taƙaitaccen bayani, ba sai sun zauna a ciki ba. Kuma ku riƙa ajiye rikod na zamanku da kwanan wata, tunda hukumar rajistar malamai ta TRCN tana maganar ƙarin horo wa malami lokacin sabunta lasisi, hujja a hannu bata ɓaci.

Malamin kimiyya, Minna:
Ni abinda zan ce kawai a samu tsari, guruf ba ya tafiya da "duk mai tambaya ya tambaya". Namu na malaman kimiyya haka ya kusa mutuwa. Abinda ya tashe shi, duk Asabar bayan la'asar awa ɗaya rak, tofik ɗaya daga sikim na satin da za a shiga, kuma ba admin ne kullum zai jagoranta ba, karɓa-karɓa ne, ana fitar da jadawalin tun farkon zango kowa yasan ranarsa. Wanda ke da rana zai turo lesin filan ɗinsa tun Alhamis, ranar Asabar a yi masa gyara, ya je ya koyar, Asabar ta gaba ya dawo da hoton allo da aikin yara uku, mai ƙoƙari da matsakaici da wanda bai gane ba. Wannan dawowar ita ce ran abin wlh, dan duk wanda ya ba da shawara yana so yaji ko ta yi aiki. Ba mu muka ƙirƙiro ba, salon malaman Japan ne na nazarin darasi tare, kuma irinsa muka gani a shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya da JICA, hukumar tallafi ta Japan, ta tallafa, wanda aka fara a 2006 da Neja da Kaduna da Filato. Mu dai mun mayar da shi cikin waya ne saboda kuɗin mota.

Batun yarinyar nan kuma, ba sakarci ta yi ba, ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa kamar yadda aka saba mata da lambobi. Ka yanko takarda biyu masu tsawo ɗaya, ka ninke ɗaya gida biyu ɗaya gida uku, sannan ka sa su ninke kowace gida shida, da idonsu zasu ga uku da biyu cikin shida. Ka tambaye su ma, ya za a yi ka ƙara wa rabi wani abu ya koma 2/5 wanda bai kai rabin ba?

Wani ɗan bautar ƙasa:
Sir ku koma Telegram, wanda ya shigo daga baya yana ganin tsofaffin saƙonni kuma fayil baya ɓacewa in an canza waya.

Malamar Turanci, Katsina:
Ƙanena Telegram yana da kyau amma malamin ƙauye mai data ɗin ɗari biyu da wayar da ta cika ba zai sauke sabon abu ba, a tsaya inda mutane suke. Fayil kuma a buɗe folda ɗaya a Google Drive, 15GB kyauta ne, a liƙa linkin a bayanin guruf. A rage dogon bidiyo, boyis na minti biyu da Hausa yafi jawo mutane magana, wani yana da ilimin amma tsoron kuskuren Turanci a rubuce ke hana shi. Sai abu biyu da nake so Malam ya riƙe da gaske. In za a turo aikin yaro a rufe sunansa, fuskar yara kuma kar a sa sam, amana ce. Na biyu a kafa doka ba bin malama ta bayan fage da "slm" cikin dare, mata da yawa abinda ya fitar da mu daga guruf-guruf kenan, wata mijinta ne ma zai ce ta fita. A sa mace cikin admin, kuma kar a sa zama bayan isha'i.

Malami a kwalejin ilimi:
Ƙari kaɗan. Masana irin su Jean Lave da Etienne Wenger da suka yaɗa tunanin cewa sabon shiga daga gefe yake fara koyo yana kallon ƙwararru a 1991, cikin misalansu har da telolin Laberiya, yadda yaron shago yake fara da sa maɓalli yana kallon na gaba da shi kafin a bashi almakashi. Dan haka masu karantawa su yi shiru kar ka cire su Malam, da yawa suna ɗauka. Ka riƙa jefa musu ƙuri'a ta cikin WhatsApp, "wane tofik ne yafi ba yaranka wuya?", dannawa bata da kunya, daga nan wasu ke fara buɗe baki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, wlh na ji sanyi. Malam na Minna na gwada takardar yau a aji ɗaya B, yarinyar da kanta ta ƙirga tace biyar cikin shida, amma da na ba su 1/4 + 1/3 wasu sun koma gidan jiya, sai na sake ranar Laraba. Na kira mutum tara, bakwai sun amsa har da mata biyu, Asabar ɗin nan bayan la'asar zamu fara kuma ni zan fara kawo nawa darasin a gyara min. Malama ta Katsina dan Allah ki turo min dokokin naku in gani kafin in rubuta namu.