Ayaba ta nuna, ga kwakwa a gida: me kuke haɗawa da su?

Uwar Biyu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya shigo da nonon ayaba guda daga 'Yan Lemo, da kwakwa biyu, kuma da zafin nan har ɓawon ya fara ɗigo-ɗigon baƙi. Yara sun gaji da cinta haka nan. Don Allah wacce ta taɓa haɗa abin zaƙi da su ta faɗa mana yadda ta yi.

Amaryar Zariya:
Wa alaikumus salam Anti. Ni fanke nake yi da irin wannan. Ki dame ayaba uku da cokali mai yatsu, ki zuba a ƙullin fulawa da yis, ki goga kwakwa ki watsa ciki. Sukari kaɗan ya isa, ayabar ta riga ta kawo nata. Sai dai ki rage wuta, don ƙullin ayaba yana saurin yin ja a waje alhali cikinsa bai soyu ba.

Hajiya Babba, Jos:
'Yata, kar ki dame ta duka, ki ware wadda ke da sauran ƙarfi. Lokacin da muka je Umra da azumi, wata baiwar Allah 'yar Indonesiya da muke masauki ɗaya ta ba ni abin da suke buɗa baki da shi, suna ce masa kolak. Ayaba ce aka dafa cikin madarar kwakwa da jan sukari irin nasu. Da na dawo sai na sa mazarƙwaila a madadinsa, kuma wallahi ta zauna daram.

Ga yadda nake yi. Na markaɗa kwakwa da ruwan ɗumi, na tace da kyalle mai tsabta. Tatar farko mai kauri sai na ajiye ta gefe. Ta biyun nake ɗorawa da mazarƙwaila, da kanumfari biyu, da ɗan gishiri. Gishirin nan kar ki raina shi, shi ke fito da garɗin kwakwar. Idan mazarƙwailar ta narke sai ki tace, saboda wani lokaci tana zuwa da ɗan tsakuwa. Sannan ki yanka ayabar manya-manya ki zuba, minti biyar ya wadatar. Madarar mai kauri ita ce ta ƙarshe, tana shiga ki juya sau biyu ki sauke.

Uwar Biyu, Kano:
Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma madarar ba ta tsinkewa?

Hajiya Babba, Jos:
Tafasa ce ke tsinka ta, mai ya rabu da ruwa. Muddin ba ki bar ta ta tafasa da ƙarfi ba, lafiya lau.

Maman Yara, Maraɗi:
Ni dusar kwakwar da aka tace ba na zubarwa. Ina soya ta da sukari a busasshen kasko har ta yi ruwan zuma kamar kwakumeti, in barbaɗa a kan yankakkiyar ayaba da nono mai sanyi. Ɗan lemon tsami a kan ayabar yana hana ta yin baƙi kafin baƙi su zauna.

Amaryar Zariya:
Anti, ki girgiza kwakwar kafin ki fasa. In ba ki ji motsin ruwa ba, ko kin ji tana warin tsami, kar ki sa ta. Kuma ki dafa daidai wanda za a shanye a ranar, don in wuta ta ɗauke, madarar kwakwa ba ta kwana a wannan zafin.