Romon hanta irin na 'yan China ga maijego, zai yiwu da hantar shanu?

Maman Abba, Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah tambaya gareni. Ƙanwata ce ta haihu yau kwana 9, ta dawo gida wanka kuma ni ce a kicin tunda Hajiyarmu ƙafa ta matsa mata. Ta zubar da jini ba kaɗan ba wajen haihuwar, har yanzu in ta miƙe jiri take gani, in ka ja fatar idonta fari fat. To jiya da daddare ina latse-latsen waya na ci karo da bidiyon wata 'yar China tana dafa wa maijego romon hanta da ɗanyar citta, wai yana mayar da jini, sai dai fa ita hantar alade ta sa. Shine nace ko akwai wadda ta san yadda ake yinshi in gwada da ta sa ko ta akuya? Farfesun kaza ya fita ranta wallahi.

Hajiya Babba:
Alade kuma? A'uzubillahi. Ke dai ki dama mata kunun kanwa, ki gasa mata nama da yajin jego, ta dage da ruwan zafi safe da yamma har arba'in. Da shi muka haifi tara.

Ummu Nana, Samaru:
Hajiya ai cewa tayi da hantar sa za ta yi, a yi mata uzuri. Maman Abba zai yiwu sosai, ni a can na yi karatu kuma akwai Musulminsu da alade ko ƙofar gidansu baya zuwa, sa da rago suke ci. Su ma suna jego kamar mu, suna ce mishi zuo yuezi, wato zaman wata, maijego bata fita bata shan ruwan sanyi, komai da ɗumi da citta, abin har dariya ya bani don kamar kakata nake gani.

Sirrin duk a yanka ne da wuta. Ki je wajen mahauta da sassafe ki samo hanta mai sheƙi wadda bata kwana ba, ta akuya ko ta rago ta fi laushi. Ki ɓare yanar nan ta sama, ki yanka siri-siri kamar za ki yi tsire, ki jiƙa a ruwa wajen minti 20 kina canzawa har jan ya ragu, nan ƙarnin yake tafiya. Ki tsane, ki murza mata gishiri kaɗan da ruwan citta da ɗan garin kwanfulawa cokali ɗaya, shi ke hanata tauri. Sai ki zuba man riɗi a tukunya, wuta ƙasa-ƙasa don yana saurin ɗaci in ya ƙone, ki soya yankakkiyar citta har ta fara nannaɗewa, ki tsaida ruwa kofi 3. In ya tafasa ki saki hantar ɗaya-ɗaya, minti 2 zuwa 3 ya isa in dai kin yanka da kyau, ki tsaga guda ki ga ba ja a ciki, ki watsa alayyahu ki sauke. Su suna ƙara giyar shinkafa, wannan kam ki tsallake. Suna kuma sa wasu jajayen 'ya'yan itace busassu, goji, da jan dabinonsu wanda asali ɗan uwan magaryarmu ne. Kar ki wahalar da kanki nemansu a Sabon Gari, ko babu romon yana tashi.

Sista Nas:
Hanta na da sinadarin ayon (wato iron, mai ƙara jini) da bitamin B12, kuma jiki ya fi saurin ɗaukar na nama kan na ganye, wannan gaskiya ne. Amma ba kullum ba don Allah, sau ɗaya ko biyu a sati, saboda bitamin A ɗinta yayi yawa, shi yasa ma ake ce wa masu ciki su yi hankali da ita. Kar ta kora da shayi, yana tare ayon ɗin, gara lemon zaƙi. Sannan jirin nan da farin ido ba na tukunya kaɗai bane, ku maida ta asibiti a auna jininta, ta ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jinin da aka bata ko da bayan gidanta yayi baƙi, haka yake yi.

Hajiya ki yi haƙuri zan taɓa kunun kanwa. Nan Zariya ɗin likitocin asibitin koyarwa na ABU suka yi bincike tun shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka alaƙanta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Duk maijegon da ƙafa ta kumbura ko take haki in ta kwanta, kar a jira gari ya waye.

Hajiya Babba:
To 'yan boko, mun ji. A rage kanwar amma wanka kam sai ta yi.

Maman Abba, Gyallesu:
Na gode kwarai, Allah ya bar zumunci. Na gwada ɗazu, karon farko waya ta ɗauke min hankali na barta ta yi ta tafasa, ta fito kamar roba, yara suka cinye. Na biyu na tsaya a kanta, na ɗan barbaɗa masoro don bakinmu ba irin nasu bane, ta shanye kwano guda har tana neman ƙari. Gobe da safe mijinta zai zo da mota mu je awon jinin. Ummu Nana man riɗin namu na gida na sa, ko dole sai baƙin nan nasu na kwalba?